Shin Yawan Sabobi Na Kare Rumbun Bayanai Daga Harin Hana Aiki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne ke kula da rumbun bayanai na wurin aikinmu. Mun rarraba shi a kan sabobi biyar, wato kwamfutocin da ke riƙe da shi, kuma dukkansu suna bayan katangar tsaro, ba a iya taɓa su kai tsaye daga intanet. Kwanan nan masu manhajar suka fitar da sanarwa cewa an gano wata ɓaraka da za a iya amfani da ita a durƙusar da saba. Makinta 6.5, kuma ba ta kai ga satar bayanai. Shugabana ya ce tunda ba sata ba ce, kuma in saba ɗaya ta faɗi huɗu za su ci gaba da aiki, mu bar facin, wato gyaran ɓarakar da masu manhajar suka fitar, sai lokacin gyaran da muke yi duk bayan wata uku. Hankalina bai kwanta ba, amma na kasa faɗa masa dalili. Yana da gaskiya? In ba shi da ita me zan ce masa, kuma me zan yi kafin lokacin?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Wannan muhawara ce da na sha zama a cikinta, wani lokaci ina gefenka, wani lokaci kuma ina gefen shugabanka, domin shi ma ba wasa yake yi ba. In na fahimce ka, hujjojinsa uku ne: abin ba sata ba ne, muna bayan katanga, kuma muna da yawa. Biyun farko suna da gaskiya a cikinsu, za mu auna su. Ta ukun ce mafi rauni, kuma ita ce mutane suka fi jingina da ita, shi ya sa a kanta zan fi daɗewa.

Wane irin hari muke magana a kai

Da an ce harin hana aiki, wanda ake taƙaitawa da DoS, abin da ke faɗowa mutane a rai shi ne ambaliya: dubban kwamfutoci su yi wa shafi guda rubdugu da saƙonni har layinsa ya cushe. Akwai wannan. Ranar 28 ga Fabrairu 2018 an antaya wa GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod, bayanai terabit 1.35 a kowace daƙiƙa, kuma abin da ya kamata mai kula da rumbu ya lura da shi shi ne makamin da aka yi amfani da shi: sabobin mutane ne masu gudanar da Memcached, wata manhajar ajiyar wucin gadi, da aka bari a buɗe a ƙofa mai lamba 11211. Maharin kan aika ƙaramar buƙata ta UDP, hanyar aike da ba ta tantance mai aikawa, da adireshin ƙarya, saba ta mayar da amsa mai girma sau 10,000 zuwa 50,000 ga mai adireshin. Bayan haka ne aka rufe UDP a Memcached siga ta 1.5.6, sai wanda ya kunna da kansa.

Amma sanarwar da ke hannunka kusan tabbas ba ambaliya take nufi ba. Tana magana ne a kan nau'i na biyu, inda maharin ba ya buƙatar runduna. Abin da yake nema shi ne wurin da kaɗan daga gare shi zai jawo wa saba aiki mai yawa. Saƙo na 'yan baitoci ya ce "abin da ke biye da ni gigabait biyu ne", manhaja ta ware ƙwaƙwalwar kafin ta bincika ko gaskiya ne. Takarda mai alamar baka, wato ( ), cikin baka cikin baka har sau dubbai, manhajar da ke karanta ta ta yi ta nutsewa har ta kife. Tsarin binciken rubutu da ake kira regex, wanda ƙarin haruffa kaɗan ke ninka lokacinsa. Irin wannan ne ya durƙusar da Cloudflare, kamfanin da ke tace wa shafuka zirga-zirga, na minti 27 ranar 2 ga Yuli 2019, kuma ba mahari ne ya rubuta shi ba, ma'aikatansu ne. Ko kuma maɓallan da aka zaɓa da gangan don su yi karo a teburin hash, wato jadawalin da manhaja ke jera bayanai a ciki don saurin nema, dabarar da Crosby da Wallach suka bayyana tun 2003, wadda ta sa daga baya manhajoji da yawa, har da Redis, suka koma amfani da SipHash, lissafin da ke wahalar da shirya irin wannan karo. Wani lokaci ma babu kuskure a kod ɗin, umarni ne halastacce mai tsada da aka bar wa kowa. A 2017 an ba ZooKeeper, manhajar da ke daidaita aikin sabobi, lambar rajistar ɓaraka CVE-2017-5637 saboda wasu gajerun umarni biyu na duba lafiya, wchp da wchc, suna cinye furosesa, kuma duk wanda ya isa ƙofar zai iya maimaita su ba tare da an tambaye shi ko wane ne ba. Gyaran shi ne a rufe irin waɗannan umarni sai wanda aka sa a jerin izini.

Game da maki 6.5 kuwa, kada ka tsaya a kan lambar, nemi jerin haruffan da ke gefenta. A ma'aunin CVSS na 3, wanda da shi ake ba ɓaraka maki gwargwadon muninta, ɓarakar da ake kai wa ta hanyar sadarwa cikin sauƙi, wadda ba ta taɓa sirri ko ingancin bayanai sai dai ta kashe aiki gaba ɗaya, makinta 7.5 ne idan ba a buƙatar asusu. Tana sauka zuwa 6.5 idan ana buƙatar ƙaramin asusu, za ka ga PR:L, ko idan sai maharin yana maƙwabtaka da sabar a hanyar sadarwa, za ka ga AV:A. Wato komai munin ɓarakar hana aiki zalla, a irin wannan lissafi ba ta cika haura 7.5 ba. Ma'aunin bai san me ke rataye a wuyan rumbunka ba. Bai san ko shi ne ke riƙe da rajistar marasa lafiya ba, ko biyan kuɗi, ko shiga asusun duk masu hulɗa da ku. Wannan kai da shugabanka ne kuka sani, kuma da shi ake auna girman "ba sata ba ce".

Inda yawa ba ya amfani

Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a kan wannan tunani aka gina rumbunan da ake rarrabawa. Sai dai akwai sharaɗi a ƙarƙashinsa wanda ba a cika furtawa ba: cewa sabobin ba za su faɗi saboda dalili ɗaya a lokaci ɗaya ba. Faifan wannan ya mutu yau, wutar waccan ta ɗauke wata mai zuwa, wayar ta uku ta tsinke baɗi. A irin wannan duniya, tsarin yarjejeniya kamar Raft, wanda Diego Ongaro da John Ousterhout suka wallafa a 2014, yana aiki da kyau: muddin masu rinjaye suna raye ana ci gaba, saboda haka gungu mai sabobi uku yana jure rashin ɗaya, mai biyar yana jure rashin biyu.

To amma sabobinka biyar manhaja ɗaya suke gudanarwa, siga ɗaya, saiti ɗaya. Ɓarakar da ke cikin ta farko ita ce a cikin ta biyar. Wanda ya iya kayar da ɗaya da saƙo guda, saƙo uku kacal yake buƙata ya raba ka da rinjaye. Ta fuskar wannan ɓaraka, saba ɗaya gare ka da aka kwafa sau biyar.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne sau da yawa ba ya ma buƙatar ya aika sau uku, tsarinka ne zai yi masa dakon saƙon. Ɗakin karatun kod da manhajarku ke magana da rumbu ta cikinsa an koya masa cewa in saba ta yanke magana ba amsa, ya kai buƙatar ga ta gaba. Ladabi ne mai kyau ranar da faifai ya mutu. Ranar da buƙatar ce da kanta ke kisa, sai ya ɗauke ta daga gawar farko ya miƙa wa ta biyu, daga nan ta uku. Injiniyoyi suna kiran irin wannan buƙata tambayar mutuwa, kuma sunan ya dace da ita.

Akwai wadda ta fi ta. Idan gubar ba a tambaya take ba, a rubutu take, kuma sai bayan an karɓe ta take fashewa, to ta riga ta shiga kundin da ake kwafa wa kowace saba. A tsari irin na Raft jagora yakan rubuta abu a kundi, ya tura wa mabiya, in masu rinjaye suka amsa sai kowa ya zartar. In zartarwar ce ke kifar da manhaja, duk za su kife a layi ɗaya na kundin. Ka tayar da su, su sake karanta kundin daga inda suka tsaya, su iso wannan layi, su sake faɗuwa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma tsarin kwafin da ka dogara da shi ne ya tabbatar kowa ya samu rabonsa. Fita daga wannan hali yakan buƙaci gyaran kundi da hannu ko sabuwar manhaja da ta san yadda za ta tsallake layin, duk kuma ana yi ne rumbu na kwance. Shi ya sa tambayar da na fi fara yi a kan kowace sanarwa irin taka ita ce: in saba ta faɗi aka tayar da ita, ta warke, ko abin na nan yana jiran ta?

Ko da ba a kai ga faɗuwa ba, jinkiri kaɗai ya isa. Sabobi suna gane juna na raye ne ta ɗan saƙon da ake kira bugun zuciya. A etcd, wani rumbu da ke aiki da Raft, bisa saitin asali, jagora na aika shi duk bayan milidaƙiƙa 100, in mabiyi ya yi kusan milidaƙiƙa 1,000 bai ji ba sai ya kira zaɓe. Yanzu ka ɗauka buƙata mai nauyi ta shaƙe jagora, ko ta cika ƙwaƙwalwa har mai sharar Java, wato sashen da ke kwashe abin da aka gama amfani da shi daga ƙwaƙwalwa, ya dakatar da komai na 'yan daƙiƙu a rumbu irin Elasticsearch. Sabar ba ta mutu ba, amma 'yan'uwanta sun ɗauka ta mutu. A yi zaɓe, nauyin ya koma kan sabon jagora, shi ma ya shaƙe, a sake zaɓe. Duk lokacin da babu jagora babu rubutu. A gogewata saba mai jan ƙafa ta fi matacciya wahalar sha'ani, domin matacciya an san a kauce mata, mai jan ƙafa kuwa tana karɓar aiki ta riƙe.

Sai lissafin kaya. A ce kowace daga cikin biyar ɗin tana aiki da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. Jimilla 350 ke nan. Ɗaya ta faɗi, huɗu su raba, kowace ta haura 87. Biyu suka faɗi, ukun da suka rage kowace ana neman kusan 117 daga gare ta, abin da ba ta da shi. A takarda kana da rinjaye, a zahiri ukun suna kan hanyar bin sauran. Kuma a daidai wannan lokaci ne gungun zai ga ya kamata ya fara kwafe bayanan waɗanda suka ɓace zuwa ga masu rai, aiki mai cin faifai da layi. Garin gyaran gira a rasa ido. Elasticsearch ya sa jinkirin minti ɗaya kafin ya fara wannan kwafi saboda irin haka.

Manyan misalan da ake koyarwa da su a nan babu mahari a cikinsu ko ɗaya. Ranar 20 ga Satumba 2015, rumbun DynamoDB na Amazon ya samu matsala a yankinsa na gabashin Amurka: ɗan tangarɗar sadarwa ya sa sabobin ajiya da yawa suka nemi bayanin rabonsu daga sashen da ke riƙe da shi a lokaci guda, amsoshin sun yi girma suka makara, sabobin suka janye kansu daga aiki suna ta sake tambaya, maimaicin kuma ya hana sashen numfashi. A Oktoba 2021 dandalin wasanni na Roblox ya yi sa'o'i 73 a kwance saboda matsala a gungun Consul, manhajar da sabobi ke gano juna da ita, wanda kusan komai nasu ya dogara da shi. Na kawo su ne don ka ga cewa gungu na iya shiga wani hali da zai riƙe kansa a ƙasa bayan abin da ya tura shi ya wuce. Maharin da ke da ɓaraka irin taka aikinsa turawar farko ce kawai.

Na taɓa gani da idona a wani wuri da na yi aiki. Muna da akwatin bincike a shafi, kuma abin da mutum ya rubuta ana miƙa shi ga rumbu kusan yadda yake, har da alamar tauraro mai nufin "kowane abu". Wani mai amfani, wanda har yau ina kyautata masa zaton ba da mugun nufi ya yi ba, ya rubuta kalma da taurari a gaba da baya da tsakiya. Binciken bai san wace saba ke riƙe da amsa ba, sai aka watsa shi ga dukkansu. Shafi ya ƙi buɗewa, mutumin ya yi ta danna maɓalli, manhajarmu kuma kowace dannawa tana maimaita ta in wa'adi ya cika. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne wa'adin a gefen manhaja kawai yake: ita ta gaji ta tafi, rumbu kuwa yana nan yana ta aikin da babu mai jiran sakamakonsa. Muka tayar da sabobin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tashi sai jerin buƙatun da suka taru ya danne ta. Ba mu samu kanmu ba sai da muka rufe hanyar shiga gaba ɗaya, muka bar gungun ya daidaita, sannan muka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Rumbun nan yana bayan katanga, kuma babu wanda ya haura ta.

Katangar da abin da ke ratsa ta

Kada ka raina katangar, ta yi maka babban aiki. A farkon 2017 an share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe a intanet ba kalmar sirri, aka bar wa masu su takardar neman fansa, a 2020 kuma harin da aka yi wa laƙabi da Meow ya bi rumbunan Elasticsearch da MongoDB yana gogewa ba tare da neman komai ba. Saboda irin wannan ne Redis ya kawo yanayin kariya a siga ta 3.2, MongoDB daga 3.6 ya daina sauraron waje sai an umarce shi, Elasticsearch kuma daga 8.0 yake zuwa da tsaro a kunne. Kai ka wuce wannan aji.

Sai dai katanga tana tace masu magana ne, ba ta tace abin da ake faɗa. Manhajarku tana da izinin wucewa, tana da asusu, kuma aikinta dare da rana shi ne ɗauko abin da baƙi suka rubuta ta kai wa rumbu. Don haka idan sanarwar ta ce ana buƙatar ƙaramin asusu, tambayar ita ce ko baƙo zai iya sa asusun manhajarku ya furta mugun saƙon a madadinsa. Zauna da masu rubuta manhajar ku bi sawu: akwatin bincike, zaɓin jerantawa, lambar shafi, girman shafi, fayil da ake ɗorawa, da sunayen filaye a cikin JSON, tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi. In rumbu yana ƙirƙiro sabon fili duk lokacin da ya ga sabon suna, kuma baƙo ne ke zaɓar sunan, to yana iya kumbura taswirar da kowace saba ke riƙe da kwafinta. Elasticsearch ya sa iyakar filaye 1,000 a kowane fihirisa saboda wannan, kuma na sha ganin an ɗaga iyakar don kawai saƙon kuskure ya daina damun mutane.

Sannan da ɗan gari akan ci gari. A cikin katangar akwai sabar manhaja da za a iya kutsawa, akwai kwamfutar ma'aikaci, akwai mai nazarin bayanai da asusunsa na karatu kawai. Akwai kuma ƙofofin da sabobin ke magana da junansu, kamar 7000 a Cassandra, 9300 a Elasticsearch, 2380 a etcd, waɗanda galibi aka gina su bisa amana. In ba a sa tantancewa ta takardar shaida a ɓangarorin biyu ba, duk abin da ya shigo wannan layi ana ɗaukarsa ɗan gida.

Yadda zan yanke hukunci da ni ne kai

Zan karanta sanarwar ina neman amsar abu huɗu. Ana buƙatar asusu ko kuwa kafin tantancewa abin ke faruwa? Bayanan baƙo na iya isa wurin ta cikin manhajarmu? Faɗuwa ce da ake warkewa da tayarwa, ko guba ce mai zama a faifai ko a kundi? Kuma akwai saitin da ke rufe hanyar ba tare da faci ba? In ɓarakar tana cikin wani sashe da ba ku kunna ba, ko sai mai cikakken iko ne zai iya tayar da ita, to shugabanka ya yi daidai, a jira lokacin gyara, a rubuta dalili a ajiye. In kuwa babu buƙatar asusu, ko baƙo na iya isa gare ta, ko tana zama bayan tayarwa, ni ba zan yarda a kai wata uku ba. Ina maganar kwanaki ne. Ka tuna kuma daga ranar da aka fitar da faci a manhajar da kod ɗinta ke buɗe, duk mai so zai iya kwatanta tsohon kod da sabo ya ga inda ramin yake.

Tsoron shugabanka na gaskiya, ko bai faɗa ba, shi ne facin ya karya abin da ke tafiya lafiya. Tsoro ne na mai hankali, ni ma faci ya taɓa hana ni barci. To a nan ne yawanku ke da amfani na haƙiƙa. Sabobi biyar suna ba ka damar sabuntawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rufe aiki ba: ka gwada a gungun gwaji, ka ɗauki kwafin ajiya ka tabbatar yana dawowa, ka fara da mabiyi, ka jira ya kamo sauran sarai kafin ka taɓa na gaba, jagora ya zama na ƙarshe. Karanta bayanin sigar da kyau a kan ko tsohuwa da sabuwa za su iya zama tare, da ko akwai komawa baya, domin wasu sabuntawar suna canza tsarin fayilolin faifai, in an wuce an wuce. In ka gabatar masa da abin a haka, ka nuna cewa zaɓin yana tsakanin taɓa saba ɗaya a lokacin da kuka zaɓa da rasa uku a lokacin da wani ya zaɓa, ina ganin zai saurare ka.

Abin da za ka yi tun yau

Ko an yi faci ko ba a yi ba, mafi yawan kariya daga wannan nau'in hari iyakoki ne, kuma da yawa daga cikinsu a kashe suke zuwa. Fara da wa'adi a gefen rumbu. A PostgreSQL saitin statement_timeout sifili ne daga asali, ma'ana tambaya na iya gudu har abada. A MongoDB sai ka sa maxTimeMS. A Redis, wanda ke zartar da umarni ɗaya bayan ɗaya, umarnin KEYS guda, mai jero duk maɓallai, a kan rumbu mai miliyoyin maɓallai yana tsayar da kowa, don haka hana asusun manhaja shi ta tsarin izini da ya zo a siga ta 6, a yi amfani da SCAN mai jero su kaɗan-kaɗan. A Cassandra kula da ALLOW FILTERING, mai barin tambaya ta bi bayanai masu yawa tana tacewa, da tarin alamomin da ake bari a gurbin abin da aka goge, waɗanda yake gargaɗi a kansu in tambaya ta ci karo da 1,000, ya yanke ta a 100,000, kuma daga 4.1 akwai shingayen da za ka iya kunnawa don hana tambayoyi masu haɗari. A etcd sa ido a kan girman rumbu, domin in ya cika ƙa'idarsa ta gigabait 2 yakan daina karɓar rubutu sai karatu da gogewa, kuma in Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhajoji a kan sabobi, ya dogara da shi, shi ma ya tsaya ke nan.

Daga nan ka koma kan maimaici, wanda a ganina shi ne gyara mafi arha mai mafi girman lada. Kada buƙata ɗaya ta zagaye sabobi biyar. Sau ɗaya ko biyu ya isa, da tazara mai ƙaruwa, da ɗan bambancin lokaci daga wannan manhaja zuwa waccan don kada dubban manhajoji su dawo a daƙiƙa ɗaya. Ka duba kuma ko maimaicin hawa-hawa ne: in burauza na maimaitawa sau uku, manhaja sau uku, ɗakin karatun kod sau uku, dannawa ɗaya ta zama 27. Raba asusu, kowane da iyakar haɗinsa da ta ƙwaƙwalwarsa, kuma masu nazari su yi aikinsu a kwafi na daban. Bar wa kanka ƙofar shiga ta mai kula da ba za ta cushe da sauran ba, kamar yadda PostgreSQL ke keɓe haɗi uku ga mai cikakken iko. Kayan sa ido kuma kada su dogara da rumbun da suke sa wa ido. Roblox sun faɗa da bakinsu cewa na'urorin lura nasu sun dogara da Consul ɗin da ya faɗi, abin da ya sa suka daɗe suna lalube.

Ban ga sanarwarka ba, ban kuma ga yadda aka gina manhajarku ba, don haka hukuncin ƙarshe yana hannun wanda ya bi sawun bayanan da idonsa. Iyakokin nan ma ba sa maye gurbin faci. Wa'adi yana maganin tambaya mai tsawo, ba ya maganin saƙon da ke kifar da manhaja tun tana karanta shi. Kuma kowace iyaka tana iya yanke aikin halas, rahoton ƙarshen wata da ya saba ɗaukar minti goma zai mutu in ka sa wa'adin daƙiƙa talatin ga kowa, saboda haka auna abin da ke gudana yanzu kafin ka zaɓi lamba. Ambaliya ta gaske kuwa ba a rumbu ake tare ta ba, sai a wajen mai ba ku layi ko kamfanin da ke tace zirga-zirga kafin ta iso ku. Akwai masu raba masu hulɗarsu zuwa ƙananan gungu-gungu masu zaman kansu don guba ta tsaya a ɗaya, dabara ce mai kyau amma mai tsada, ban kuma ce wuri mai sabobi biyar ya fara da ita ba.

Kafin ka koma wurin shugabanka, yi gwaji ɗaya a gungun gwaji. Ɗora masa kaya kwatankwacin na ranar aiki, aika masa tambaya mafi nauyi da akwatin bincikenku zai bari ta wuce, sannan ka kashe sabobi biyu a jere kana kallon sauran ukun. Rubuta minti nawa aka yi babu rubutu, sau nawa aka yi zaɓe, da ko gungun ya tashi da kansa ko sai da ka rufe masa ƙofa. Waɗannan amsoshi uku, tare da jerin haruffan da ke gefen 6.5 ɗin, su za ka ajiye masa a kan tebur.